Yadda kakar 2024 ta mayar da ni ɗan tasha

Duk wanda yake aikin malamin gona a ƙasar nan ya san daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba ba ka da kanka. Mutane suna ɗauka damina ce lokacin wahalarmu, wallahi ba haka bane, damina ai kai da babur ɗinka ne, ka fita da safe ka zaga gonaki ka dawo la'asar ka kwana a ɗakinka. Kaka ce matsalar. Lokacin ne ƙungiyoyi da kamfanoni suke tunawa akwai sauran kuɗi a bajet da dole a kashe kafin a rufe shekara, sai kowa ya tashi da wokshop da mitin da taron ƙara wa juna sani, lokacin ne ake shuka alkama wadda in ka bari ta wuce tsakiyar Disamba zafi zai riske ta kafin ta cika ido, lokacin ne riɗi da zoɓo suke fitowa kasuwa, sannan kuma lokacin ne manomi yake jin nauyi a aljihunsa, shi kuwa manomi da ya ji kuɗi aure yake tunawa, ko nasa ko na ɗansa ko na 'yarsa. Toh ka tattara wannan duka ka ɗora wa mutum ɗaya mai mata biyu da uwa a raye da dangi tun daga Haɗeja har Kazaure.

Ni a wani ƙauye nake a ƙasar Gumel, ba nisa da titin Maigatari, ina aiki da wani kamfanin iri da kayan gona, kuma ni ne sakataren ƙungiyar manoman riɗi ta yankinmu. A kakar 2024 abin da ya faɗo min a 'yan makonnin nan shi ne mitin a Dutse, wokshop a Zariya, tsaron rumfar kamfani a kasuwar baje koli ta Kano, da wani taro a Abuja kan fitar da riɗi da zoɓo waje. A ɓangaren gida kuma ƙanwata da take aure a Haɗeja cikinta ya tsufa haihuwa yau ko gobe, ɗan Baffana an sa ranar ɗaurin aurensa a wani gari can wajen Kazaure, Kawu yana kwance a asibiti a Kano, babbar 'yata tana makarantar kwana ranar ziyara ta matso. Wannan wanda na sani kenan fa, banda wanda Allah Ya ɓoye.

Abu na farko da nake rubutawa a kalandar bango ba mitin bane, ranakun kasuwa ne. Wanda yake birni ba zai gane ba, shi ko yaushe ya fito bakin titi akwai adaidaita. Mu mota ba ta shigowa garinmu sosai sai ranar kasuwa, sauran ranaku sai dai ɗan acaɓa ya fitar da kai titi cikin yashi kana riƙe da jaka a cinya. Alhamis kasuwar Maigatari ce, ranar motoci har dare ba sa yankewa tsakanin Maigatari da Gumel da Kano, saboda haka duk tafiyar da zan iya turawa ta faɗo Alhamis ko dawowar ta faɗo Alhamis haka nake yi. Lahadi kuma Gujungu take ci, akwai mota a wadace amma kasuwar har kan kwalta take malalowa, in ka biyo da rana tsaka sai ka ci gyaɗa ka sha rake ka yi azahar motarku ba ta fita daga cunkoson ba. Haka Juma'a, in daga Dutse za ka shiga Kano ta Wudil toh ka san kasuwar shanu tana ci, ka yi sammako ko ka haƙura. Waɗannan su nake fara zanawa, sannan in zo in ga ina aikin ofis zai shiga.

Abu na biyu kuma in je ɗakin Inna bayan isha'i in zauna in karanta mata jerin hidimomin dangi. Inna ba ta yi boko ba amma a wannan fannin babu wani oga da ya kama ƙafarta, ita ta san wa zai yi fushi, wa zai yi uzuri, wa ya zo mana lokacin rasuwar Baba daga nesa ya kwana a zaure, wa ya aiko da saƙo kawai. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai dai ta ce kai wannan. Na gama karanto mata tai shiru tana jan carbi, can ta ce "kai wannan, suna ba a wakilci a gidan ƙanwa, ubanta ya rasu kai ne ubanta, in dangin miji suka duba ba su ga kowa nata ba ita za a riƙa yi wa gori. Kawunka kuwa ko minti biyar ne ya ga fuskarka, mara lafiya ƙirga masu zuwa yake. Ɗaurin aure taron maza ne da yawa, in ya kama dole ƙaninka ya je, amma ka biyo baya da ƙafarka." Na ce Inna ai akwai waya. Ta ce "waya ta 'yan birni ce, zumunci a ƙafa yake." Shikenan magana ta ƙare, na koma ɗaki na sa jan biro a inda ta ce.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ba a faɗa a fili. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a gidan mai ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000, kuɗin mota kuwa ya bi ta a guje. Kamfani zai biya ka kuɗin tafiya amma sai ka dawo ka cike fom ka haɗa rasit ka jira, ma'ana kai za ka fara ranta wa kamfani daga aljihunka. Hidimar dangi kuma babu mai mayar maka, gudummawar aure, kayan barka, ɗan abin da za ka tura ƙarƙashin filon mara lafiya, ga tsaraba wadda in ka dawo daga Abuja hannu rabbana yara har maƙota sai sun ji labari. Dole na fitar da riɗina da na so in ajiye zuwa bazara na kai Maigatari na sayar da wani abu a ciki, na riƙe tsabar kuɗi a jikina na raba su aljihu daban daban, don a ƙauye in ka dogara da tiransifa netwok zai kunyata ka a gaban mutane, masu POS kuma lokacin cajinsu ba sauƙi.

Dutse ba wani labari. Na bi ta Gujungu na ratsa Jahun da Kiyawa, aka yi mitin kan rabon irin alkama, rabin lokacin ya tafi a jiran manya su iso, aka ci shinkafa aka sa hannu a takarda, na sayo wa Inna dabino na juyo a ranar.

Hanyar Kano ce dai a kakar nan ba ta biyuwa da daɗin rai. Duk motar da ta taso daga wajenmu sai ta ratsa Majiya a ƙaramar hukumar Taura, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a daren 15 ga Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu matasa. Lokacin da nake wannan zirga-zirgar abin bai daɗe ba, da mota ta iso wajen sai ka ji hira ta mutu, direba ya rage rediyo, kowa yana Allah Ya jiƙansu. Akwai wani manomi da muke hulɗa da shi a can wanda ya rasa 'ya'yan ɗan uwansa, ranar da zan wuce Zariya na fito da wuri musamman na sauka nai masa gaisuwa sannan na tari wata motar. Wannan ba ya cikin kalanda, amma ba yadda za ai ka riƙa wuce ƙofar gidan mutum a mota kana kallo ta taga.

Da muka sauka tashar Yankaba a Kano na hau adaidaita zuwa tashar Unguwa Uku, nan ma wani darasi ne, kar ka yarda ka shiga motar da ka tarar da mutum uku a zaune sun yi shiru ba kaya a but, sau da yawa 'yan tasha ne suke zama don ka ɗauka ta kusa cika. Ka duba wadda aka ɗaure wa kaya, mata da yara suna ciki suna mita, ita ce mai tashi. Titin Kano zuwa Zariya yanzu Alhamdulillahi ya yi kyau, ta Kura da Kwanar Ɗangora ba ka jin komai, na sauka a Kwangila na nemi motar Samaru.

Wokshop ɗin kan adana amfanin gona ne, kuma gaskiya wannan karon na ƙaru, ba irin wanda ake tara ku a otal a kunna firojekta ai ta karanto muku abin da kuka fi mai karantawar sani ba. An daɗe a kan buhun PICS, wanda mu muke ce wa buhu mai ciki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. Hikimarsa ba magani bace, iska ce, in ka ɗaure kowace leda daban da kyau ƙwarin da ke cikin waken su suke shanye 'yar iskar da ta rage su mutu da kansu. Matsalar da mu muke gani a ƙauye ita ce mutum zai sa waken da bai gama bushewa ba, ko ya bar kara da tsinke su huda ledar, ko yara su riƙa buɗewa ana ɗiban na alala kullum, sannan ya zo ya ce buhun ƙarya ne. Aka kuma tuna mana yadda Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015 saboda ragowar maganin ƙwari da ake samu a ciki, irin wanda 'yan kasuwarmu suke yayyafawa a sito ba awo ba lissafi, kuma mu da 'ya'yanmu muke cinye wanda Turawan suka ƙi. Da yamma aka zaga da mu cibiyar binciken noma ta IAR, inda duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM daga nan ya fito, SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake. Muka sha muhawara a kan SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya masa, wasu suna yabo don feshi ya ragu sosai, wasu suna ɗari-ɗari da duk irin da aka taɓa halittarsa. Ni dai na ga gonar da aka shuka shi a wajenmu kuma na ga bambanci, amma ban ga laifin mai tambaya ba.

Ana cikin shan shayin safe ranar Talata wayata ta yi ƙara, mijin ƙanwata ne, "Yaya an sauka lafiya, an samu namiji." Na yi hamdala, ina ajiye wayar na fara lissafi da yatsu, haihuwar Talata suna Talata mai zuwa, Talatar kuma tana tsakiyar kwanakin da aka rubuta ni zan tsaya a rumfa a Kano.

Anan ne nake ganin yawancin abokan aikina suke cutar kansu. Sai su yi shiru har ranar ta zo sannan su kashe waya ko su ƙirƙiro zazzaɓi. Ni a take na fita waje na kira oga, na ce ranka ya daɗe an yi min haihuwa a Haɗeja, ƙanwata ce kuma marainiya ce ni ne uba, suna Talata, ina roƙon a ba ni yammacin Litinin da Talatar, na riga na yi magana da abokin aikina na Ɓaɓura zai riƙe min rumfa, ni kuma zan karɓar masa Asabar da Lahadi da yake son zuwa gida, sannan tunda Haɗeja zan je zan leƙa manoman alkamarmu na wajen Auyo in kawo rahoto. Ka ga ban kai masa matsala tsirara ba, na kai masa ita da maganinta har da riba. Ya ɗan yi gunaguni ya ce ku dai 'yan Jigawa hidimarku ba ta ƙarewa, na ce ranka ya daɗe Allah Ya ƙara girma, ya ce Allah Ya raya. Oga ma ɗan wani ne, yana da ƙanne, abin da ba ya so shi ne a ba shi mamaki.

Kasuwar baje kolin Kano wadda ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA take shiryawa duk ƙarshen shekara a filinta na titin gidan zu, wuni ake a tsaye. Ƙura, lasifika ta ko ina, mai maganin basir yana ihu a dama mai kujerun roba yana kiɗa a hagu, kai kuma kana tsakiya da 'yan ledojin iri kana yi wa mutum bayanin tazarar shuka. Cikin masu tsayawa da yawa kalanda da hula kyauta suke nema, amma a cikinsu ake tsintar na gaske, wani dattijo daga wajen Ɗambatta ya zauna a benci muka yi kusan awa muna maganar wuta-wuta a gonar dawarsa, har yau muna waya. A gidan ƙanina nake kwana a Rijiyar Lemo, kuɗin otal ya zauna a aljihu, kuma kwanan ma kansa zumunci ne don matarsa ta daɗe tana cewa Yaya ba ya cin tuwonmu. Da safe kafin a buɗe rumfa na leƙa Dawanau na ji farashin riɗi da zoɓo da kunnena, don 'yan ƙungiya suna ta kirana ko su sayar ko su riƙe.

Kawu kuwa da daddare na je, bayan an tashi daga rumfa, na sayi lemo da kankana. Na tarar ya rame sosai, Gwaggo tana zaune a tabarma a gefen gado da fulas da kwanuka. Na durƙusa na gaishe shi, ya kama hannuna ya ce "ɗan nan ashe kana tafe, an ce min kana Zariya." Na ce Kawu ai ko Legas nake sai na zo. Bai fi minti ashirin na yi ba ma'aikata suka ce lokaci ya yi, amma washegari kafin azahar labari ya kai wa Inna a ƙauye cewa na je, har da adadin lemon.

Suna da sassafe ake yi, saboda haka ba maganar tasowa daga Kano ranar, Litinin da la'asar na koma Yankaba na hau motar Haɗeja, muka shiga bayan isha'i sanyi kaman me. Aka raɗa suna bayan an fito masallaci, aka raba goro da dabino da alawa, aka yanka rago, na shiga ciki na ga mai jego, tana ganina ta fashe da kuka wai ta ɗauka ba zan samu zuwa ba. Na ba ta turamen da Inna ta aiko da su da nawa. Kafin hantsi na ari babur na nufi wajen Auyo, alkama ta fito kore shar a wasu gonakin, wasu kuma ko huɗa ba su gama ba suna jiran taki, ga kukan tsadar man injin ban ruwa a bakin kowa. Na rubuta abin da na gani, na sayi bandar kifi ta gida da ta oga, na kama hanya.

Wani abu da yake sauƙaƙa min a irin wannan yawon shi ne ƙasaru, mutane da yawa suna jin nauyin yi kaman wani rage ibada ne alhali sauƙi ne aka ba mu. Yadda muka karanta a wajen malamanmu na Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80 kenan, kana mayar da mai raka'a huɗu biyu matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana 4 a wajen ba. Wanda ya taɓa alwala da ruwan leda a tasha cikin hunturu direba yana danna hon zai gane darajarta.

Ana gobe zan tafi Abuja, ina Kano na gama shirya jaka, uwargida ta kira tana kuka, ƙanin mahaifinta ya rasu a ƙauyensu wajen Ringim. Jana'iza kam ba zan samu ba, kafin in fita daga Kano an kai shi. Amma gaisuwar surukai ba a ɗaga ta zuwa mako, musamman mutumin da shi ya karɓi sadakinta a hannun waliyyina. Ringim ba nisa da Kano, na ajiye jakar na fita, na tarar da zaman makoki a ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, na cire takalmi tun daga nesa na tsuguna gaban surukina na ce Baba ya haƙuri, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Ya ce "Malam an gode, an ce kana hanyar Abuja, da ka bari ka dawo ai." Faɗa kawai yake, ni da shi duk mun san ba haka bane. Na zauna aka yi addu'a da masu shigowa har magariba, na leƙa cikin gida na yi wa mata gaisuwa, na ga uwargida ta iso da yara, na ba ta abin da zai riƙe su zuwa sadakar uku, na juyo Kano cikin dare.

Asuba ta yi min a Unguwa Uku. Na sauka Kawo a Kaduna na shiga mota zuwa Rigasa, tikitin jirgin ƙasa tun a Kano yaron ƙanina ya saya min a waya da lambar NIN ɗina, don in ka ce sai ka je tasha za ka iya tarar da kujeru sun ƙare. Layin dogon nan kilomita 186 ne daga Rigasa zuwa Idu, an buɗe shi a 2016, bayan harin 28 ga Maris 2022 aka dakatar da shi sai Disambar shekarar ya dawo, har yanzu in an shiga dajin nan za ka ga mutane suna leƙen taga ba mai cewa komai. Ni dai barci ne ya kwashe ni, rabona da barcin kirki tun Zariya, sai a Kubwa wani bawan Allah ya taɓa ni. Da ma can zan sauka, akwai ɗan garinmu mai sayar da hatsi a Dei-Dei, a wajensa na yada zango.

Taron Abuja, hmm. Ɗaki mai sanyi, ruwan roba a gaban kowa, masu kwat suna ta maganar Japan da Chaina da Turkiyya da suke sayen riɗinmu, da Mekziko da take kwasar zoɓo don su ma jiƙa shi suke su sha kamar mu. Duk gaskiya ne. Suna ta nanata inganci, inganci, kayanmu ana rage musu daraja saboda yashi da datti da ragowar magani. Da aka ba da damar tambaya na miƙe na ce yallaɓai ni daga inda ake noman nake, riɗi in an yanke shi tsayar da shi ake a gona dami dami ya bushe, sannan a kifa shi a kaɗe, wanda yake da tampol a kai yake kaɗewa, wanda ba shi da shi a ƙasa yake yi ya share da tsintsiya, yashin da kuke gani a Japan daga nan ya taso. Kuma ko manomi ya wahala ya tsaftace nasa, in ya kai kasuwa kuɗi ɗaya dillali zai saya da na wanda bai tsaftace ba, wani ma da gangan yake ƙara yashin don buhu ya yi nauyi, toh don me zai wahala? Ku sa bambancin farashi ya iso Maigatari da Gujungu, ku ga in ba a daina ba. Aka yi tafi, wani ya karɓi lambata, har yau dai bai kira ba. Kuɗin ruwan robar da aka sha a ɗakin nan da ya sayi tampol mai yawa, amma wannan a raina na bar shi.

Ɗaurin auren ɗan Baffa Asabar ne da safe, taron kuma sai yammacin Juma'a aka rufe, aka ce kuma sai an rufe za a sa hannu a takardar alawus. Na juya lissafin ta ko ina, in na ce sai na je toh tafiyar dare ce a titin Abuja zuwa Kaduna wanda aikinsa bai ƙare ba ga kuma abin da kowa ya sani, taura biyu ba ta taunuwa. Na kira ƙanina na ce ka shirya kai za ka wakilce mu, na tura masa gudummawa da kuɗin mota, sannan na kira Baffa da kaina tun daren Alhamis, ban bari ya ji a bakin wani ba. Ya ce "toh, aiki ai ya fi mu." Na ce Baffa wane ni, ina tafe. Ya ce Allah Ya kawo ka, ya kashe. Ziyarar makarantar 'yata ma a wannan Lahadin ta faɗo, uwarta tana gidan makoki, sai amarya ce ta soya miya ta daka yaji ta haɗa garin kwaki da ƙuli ta je, kuma wallahi wannan ya fi min komai daɗi a duk hidimar, don ban roƙe ta ba.

Daga Abuja ban wuce gida ba, Kano na kwana na bi ta Ƙofar Ruwa na hau motar Kazaure da buhun lemo daga 'Yan Lemo da turmin atamfa na amaryar ɗan Baffa. Baffa ya bar ni a tsugune ya gama sauraron labaran rana a rediyo tukunna ya ɗago ya ce "'yan Abuja an iso?" Na ce Baffa a yi haƙuri. Ya yi min faɗan da ya tanada tsaf, har da na shekarar da ban zo sunan jikarsa ba, ni dai kaina a ƙasa ina Allah Ya huci zuciyarka. Da ya gama ya sa aka kawo fura, ya fara tambayata kuɗin taki, daga nan na san an wuce wajen, har ya sa aka kama min zakara.

Na iso gida ranar Alhamis a motar 'yan kasuwar Maigatari, murya ta dishe, mura ta kama ni, leɓe duk ya tsage. Ban ko cire takalmi ba aka taso da maganar kwana, amarya ta ce ranar da na tafi girkinta ne ban kwana ba, uwargida ta ce ai ita ma makoki ya cinye mata nata. Na ce ni abin da na sani kwanan tafiya ba a rama shi, inda aka tsaya nan za a tashi, in kuma da ja a je a tambayi liman. Ba wadda ta je. Na raba kifi da biredi da 'yan takalman yara a gaban kowa don kar a ce an yi ɓoye, na kai wa Inna rahoto gida gida, wa na gani, me ya ce, me aka ba ni, ta saurara tas sannan ta ce saura Gwaggon Gagarawa da ta yi karaya tun kafin in tafi.

Washegari na baje rasit a tabarma ina jera su da kwanan wata, motocin tasha ba sa ba da rasit sai ka nemi na ƙungiyar direbobi tun a wajen, wanda na Kazaure da Ringim kuma ba na ofis bane na ware su gefe. Na cike fom na ɗauki hoto na hau tudun bayan makarantar firamare inda netwok yake kamawa na tura. Kuɗin ba su fito ba sai cikin Janairu, lokacin har na je Gagarawa na dawo, kuma a cikin saƙon da ya biyo bayan alat ɗin ne oga yake sanar da ni an sa sunana a wani horon a Kaduna farkon Fabrairu. Na ce masa ranka ya daɗe bari in duba kalanda tukunna, don amarya ma watanta ya kama.